Amsa: Lissafin kwamfuta da iyakokin muhalli

Ka tambaya ko lissafin kwamfuta da masana ke yi zai iya nuna mana yadda duniya za ta ci gaba ba tare da ta ƙetare abin da muhalli zai iya ɗauka ba. Zai iya nuna hanyoyi, amma ba duba yake yi ba. Abin da ka zuba masa shi zai dafa maka. Iyakokin muhalli guda tara ne, wato matakan da in ɗan Adam ya wuce su duniya za ta shiga haɗari. Masanin kimiyya Johan Rockström da abokan aikinsa ne suka zayyana su a 2009, kuma bitar da aka yi a 2023 ta nuna an riga an ƙetare shida, har da sauyin yanayi da yawan takin zamani da ke kwarara cikin ruwa. Binciken Jami'ar Leeds na 2018 ya duba ƙasashe kusan 150, bai samu ko ɗaya da ta biya wa jama'arta manyan buƙatu tana cikin iyakokin ba.

Sharaɗin da zan ƙara maka shi ne ka duba zaton da aka gina lissafin a kai tun kafin ka kalli sakamako. Na taɓa gwada wani ƙaramin tsari irin wannan, na rage yawan naman da aka ƙiyasta mutanen ƙasashe masu arziki za su ci, ban taɓa komai ba bayan haka, sai ga filin noman da ake buƙata ya sauko warwas. Abin haushi, an binne wannan zaton can ƙarshen rahoton. In an nuna maka zane mai cewa 2050 lafiya lau, tambayi wa aka ɗauka zai rage ci, kuma wa zai biya kuɗin.