Ba injin yanka ƙarfe ne ya rage maka ba

Wani mai walda daga Aboabo, a Kumasi ta ƙasar Ghana, ya rubuto yana cewa: "Shekarata tara a sana'a, ina da yara uku a shago. Ina yin get da ƙofofi da ƙarafan taga. Aiki ba ya yanke mini, amma kullum aljihuna fayau. Ina so in ci bashin sidi dubu 25 in sayi injin yanka na filasma da janareta, don in riƙa karɓar manyan kwangiloli. Yanzu haka ma akwai get biyu da na karɓi kuɗinsu ban fara ba, ina jiran wani aikin ya shigo in sayo ƙarfensu. Wane banki ya fi sauƙin ruwa?"

Ƙanena, ba zan nuna maka banki ba. Wancan zancen get biyu da ka faɗa a gurguje, kamar ba komai ba, shi ne ciwonka gaba ɗaya. Ina kuɗin mutanen nan biyu suka shiga? Na san amsar: ka ƙarasa aikin wanda ya riga su, ka biya wuta, ka sallami yara, aka yi cefane, wataƙila har da suna ko awure a unguwa. Kai a ganinka ciniki ka yi. Bashi ka ci, kuma bashi mafi muni, domin ba sidi za ka mayar ba, ƙarfe za ka mayar, shi kuwa ƙarfe ba ya tsayawa jiran kowa.

Mu ɗauka get ɗin sidi dubu 8 ne, aka ba ka dubu 5 kafin alƙalami. A ranar, dubu 5 ɗin nan sun isa bututu da falanki da angil. Ka bari wata biyu suka wuce, farashi ya motsa ko da kashi 10 cikin 100, sidi 500 sun fita daga ladan aikinka tun ba ka kunna inji ba. Ka ɗora wayar walda, faifan girinda, fenti, kuɗin mota da zai kai kaya, waɗanda na tabbata ba ka sa su a lissafi sai dai ka ce "ƙananan abubuwa". To me ya rage? Shi ya sa shagonka ke cike da tartsatsi, aljihu babu komai.

A 2022 na ga ƙarshen irin wannan da idona. Shekarar ta fara dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba. Akwai wani masta a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, gwani na gaske, idan ya ja walda sai ka rantse ƙarfen a haɗe aka ƙera shi. Aiki bakwai ya karɓi kuɗinsu yana juyawa, yana tona rami yana cike rami. Da farashi ya tashi, kuɗin mutum na takwas bai isa ƙarfen mutum na farko ba. Wata Hajiya da ke gini ta gaji da "gobe in sha Allahu", ta zo da 'yan sanda. Dattawan zango suka shiga tsakani, amma sai da ya sayar da injinsa da tulun gas kafin maganar ta mutu. Yau a shagon yaron da ya koya wa aiki yake walda, ana biyansa kullum-kullum. Hannunsa har yanzu babu na biyunsa.

Batun filasma kuwa, wa ya ce maka ita ke kawo kwangila? Tana son kwamfuresa mai ba ta iska, tana son wuta mai ƙarfi tsayayya, bakinta yana cinyewa sai an riƙa sauyawa. Bututun get da kake yankawa girinda ta ishe shi. Ran da falanki mai kauri ya zo, ɗauke shi ka kai Magazine a yanka maka da gas, ka biya kuɗin yanka ka sa a lissafin mai aiki. Ɗan kwangila kuma kafin ya tambayi irin injinka, sai ya tambayi maƙwabtanka ko kana cika alkawari. Kumasi ba ta da girma a wajen irin wannan labari.

Ga abin da za ka yi. Ka je wajen masu get biyun nan da ƙafarka, tun kafin su zo maka, ka faɗa musu gaskiya, ka yanke musu ranar da za ka iya. Ƙarfensu daga ladan hannunka zai fito, ko daga susu, wato adashi, idan kana zubi, ko ka haɗa guntayen ƙarafan da ke jibge bayan shago ka auna wa 'yan gwangwan. Za ka sha wuya wata biyu ko uku. Sha.

Daga nan, duk kuɗin da aka ba ka kafin alƙalami kada ya kwana a hannunka. Idan ta Momo, wato tura kuɗi ta waya, ya shigo da safe, kafin la'asar ya zama ƙarfe. In da hali ka tafi da mai aikin wajen dila ya ga sayayyar, a kawo kaya ka rubuta sunansa da alli a jiki, ka jingine gefe. Farashin da ka faɗa wa mutum kuma, ka gaya masa na mako ɗaya ne. In ya dawo bayan wata, sabon lissafi.

Ran da ka wayi gari babu kuɗin kowa a wuyanka wata shida a jere, sake rubuto mini mu yi maganar janareta. Ita kam ina ganin amfaninta, don na san yadda ECG, kamfanin wutar lantarki, ke yi muku.