Layin saƙo, sahu, da rigimar mukulli

Wani ɗalibin kwamfuta daga Ringim ya rubuto: "Malam, an koya mana yadda manhajoji biyu a cikin kwamfuta ɗaya ke jera wa juna saƙo a Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na ce sahun saƙo, abokina ya ce layin saƙo, waye da gaskiya?"

Abokinka ne, ɗana. Sahu kafaɗa da kafaɗa ake yi kamar na sallah, wannan kuwa gaba da baya ne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Layi aro ne, eh, amma ya zauna, wanda aro ke yi wa ƙaiƙayi sai ya ce jerin gwano. Leƙa injin niƙan garinku da hantsi, yara sun jera kwanuka sun tafi wasa, mai inji na ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Haka manhaja ke buɗe layin da umarnin msgget, ta ajiye da msgsnd ta kama gabanta, ɗayar ta zo da msgrcv ta ɗauka, kuma tunda kowane saƙo da lambar irinsa tana iya cewa gero kawai a ba ni, dawa ta jira. Tsohon tsari ne, tun Unix System V na 1983, wata babbar manhaja da ta riga Linux.

Ɗalibin dai ya ƙara da cewa lambar da ake ba msgget, mukulli zai ce ko mabuɗi?

Kai, nan fa ka taɓo ni! Mabuɗi daga buɗe, makulli daga kulle, a bakin kalmar ma an gaya maka aikinta, amma yanzu yaro zai ce miƙo min mukullin mashin alhali tayar da shi zai yi ba kullewa ba, shi kuma abin da ke rataye a ƙofar shago an bar shi da kwaɗo. Na yi surutu a kan wannan har na gaji, a kasuwar Wudil ma mai yankan mabuɗi mukulli yake cewa, to ni wa? Sai dai a nan duka biyun ba su dace ba. Lambar nan, wadda umarnin ftok ke fitarwa, ba ta tsare komai, shaida ce kawai da manhajojin biyu suka sani don su haɗu a layi ɗaya. Mai hana shiga izini ne, irin 0600, wato mai abu kaɗai. Ka ce lambar shaida ka huta.

Wata malama daga Gumel: "zuwa da kai ya fi saƙo" ko "ya fi aike"?

Duka ana faɗa. A kwamfuta dai manhaja ba ta da ikon kutsawa ma'adanar bayanan wata haka kawai, shi ya sa take yin saƙon.

Wani kuma wai ya rufe manhajarsa amma layin na nan, me zai kira shi? Mantuwa. Kwanon da aka bari a inji ai ba ya kai kansa gida, duba layukan da umarnin ipcs -q, ka cire da ipcrm.