Tambaya da Amsa: Wace safar hannu zan saya wa yarona na wasan besbol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, yarona ɗan shekara 8 ya shiga ƙungiyar besbol ta yara, kocinsu ya ce a saya masa safar kama ƙwallo. Na shiga shago na ga ta dala 30 na ga ta dala 300, kaina ya ɗaure wallahi. Dan Allah wacce zan ɗauka? Daga wata uwa a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya mana shi. Da farko dai ki lura da hannun da yake jifa da shi, in da dama yake jifa to safar hagu za ki saya, in bahago ne ta dama. Iyaye da yawa nan suke fara tafka kuskure.

Sai girma. Da inci ake aunawa kuma yawanci a jikin safar ake buga lambar, ɗan shekara 8 inci 10 da rabi zuwa 11 ya ishe shi. Dan Allah kar ki ce bari in sayi babba ya girma a ciki kamar rigar sallah, safar da yaro ba zai iya matsewa ba ƙwallo faɗuwa za ta dinga yi, tun yana jin kunya har wasan ya fita daga ransa, wannan kam yana min ciwo. Ki tafi da shi shagon ya saka, in ya iya rufe ta da hannu ɗaya shikenan.

Bambancin kuɗin kuwa daga fata ne. Masu tsada irin A2000 ta kamfanin Wilson, wadda ta fara fitowa a 1957, ko Heart of the Hide ta kamfanin Rawlings, da fatar bijimi mai kauri ake yi, a yanka gunduwa-gunduwa a ɗinke ta a juye sannan a birkito ta, a cusa auduga-auduga ta ciki, a ɗaure da igiyoyin fata da hannu. Shi ya sa suke da tauri, sai an yi makonni ana wasa kafin su yi laushi, na manya ne gaskiya. Ragar nan da ke tsakanin babban yatsa da manuni ma wani ɗan wasa Bill Doak ne ya kai wa Rawlings shawararta wajen 1920.

Abu ɗaya da nake so ki kula sosai, wasu masu araha na yara da fatar alade ake yin su saboda laushi. Ki karanta takardar jiki, in kin ga an rubuta pigskin ki ajiye ki nemi ta fatar saniya ko ta roba.

In kin kawo gida ki sa ƙwallo a cikinta ki ɗaure ta kwana, ya kuma yawaita jifa da cafewa da babansa. Mai kaɗan ake shafawa, kuma kar a saka ta a oven ko a bar ta cikin mota a zafin ranar Texas, fatar bushewa take ta tsage.