Na iya iyo, shin ya isa in shiga ruwa da ɗalibaina?

Tambaya: Ni malama ce a ajin yara masu buƙata ta musamman. Makarantarmu na son a fara kai su wurin iyo, aka ce ni zan jagoranta tunda na iya ruwa. Iya iyon ya wadatar, ko sai an horar da ni?

Amsa: Malama, bai wadatar ba. Kina da abin da ƙwararren mai koyar da iyo ba shi da shi, wato sanin yaran: kin san wanda hayaniya ke firgitawa, da wanda in ya yi shiru to ya gaji. Sai dai ruwa na sauya jiki. Wanda ruwa ya kai wa wuya, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka. Yaron da ɓari ɗaya na jikinsa ya shanye, kina kwantar da shi rigingine sai ki ga yana mirginawa, fuskarsa na neman shiga ruwa. Wannan ba a koyonsa daga kan kujera, sai malamar ta jiƙe.

Ki nemi horo kan tsarin Halliwick, wato hanyar koyar da masu nakasa iyo. Wani injiniya, James McMillan, ya fara shi a 1949 a wata makarantar 'yan mata masu nakasa a Landan. Matakai goma ne, kuma salon iyo shi ne na ƙarshe. Ana farawa da sabo da ruwa, yaro ya koyi hura iska duk sanda ruwa ya taɓa bakinsa, sannan ya koyi juyawa ya dawo inda zai iya numfashi. Babba ɗaya ga yaro ɗaya, hannu a ƙugu ko gefen ƙirji, ba a riƙe kai, don yaron ya koyi sarrafa kansa. Ba a sa masa robar iska. Abin da ya fi ba malamai wuya, a ganina, shi ne janye hannu sannu a hankali. Tausayi kan sa mu riƙe yaro fiye da kima.

Dole horon ya haɗa da ceto da farfaɗo da numfashi. In farfaɗiya ta kama yaro a ruwa, ki tallafi kansa fuska a sama, ki fito da shi in jijjigar ta lafa, a kai shi ga likita ko da ya ware, don yana iya shaƙar ruwa. Mai larurar Down (wadda ake haihuwar yaro da ita, take jinkirta girma da koyo) kada ya yi tsalle da ka sai likita ya duba wuyansa. Mai otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) kuwa yakan sulale ya nufi ruwa ba sallama, don haka a ƙirga yara a shiga, a ƙirga a fita.

Kada ki yarda a ce ke ce mai koyarwa ke ce mai gadi. Nutsewa ba ta zuwa da ihu. Ki sa sharaɗin a samu mai ceto a bakin ruwa wanda ba shi da wani aiki sai kallo, kafin ki sa hannu a takarda.