Amsa ga 'yar'uwar da aka ce kada Babanta ya motsa

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Da na ga kin ce ya karye a cinya, an ce kada ya motsa, kina tambaya ko a bar shi kwance har ƙashin ya haɗe, sai da gabana ya faɗi. Abin da ya same mu da mahaifiyata ke nan.

Karayar ake hana wa motsi, ba jikin mutum gaba ɗaya ba. Ki koma wurin likita ya nuna miki da hannunsa yadda za a juya shi ba tare da an fama wurin ba.

Mu ma'aikacin da ya sallame mu cewa kawai ya yi, "Kada ku motsa ta," ya juya ya tafi abinsa, ko kallonmu bai yi ba. Ranar da muka ɗaga ta za mu canza zanin gado, sai ga gyambo a ƙasan bayanta, baƙi ƙirin, yana wari, zanin ya manne masa. Baiwar Allah ba ta taɓa faɗa ba, don kada ta tayar mana da hankali. Har yau in na tuna mutumin nan zuciyata tafasa take yi. Ƙafar ta warke, gyambon kuwa sai da ya ci watanni.

Don kada kwanciya ta jawo masa irin wannan gyambon, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare. Ki duba dugadugansa da kwatangwalo da ƙasan baya. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, wurin dai zai yi duhu, ya yi zafi ko tauri, kuma kada a murza shi. Sa matashi ƙarƙashin ƙwaurinsa don diddige ya bar katifa. Kada fitsari ya kwana a jikinsa.

Kwanciya tana cin mutum. A Dallas ta Amurka, a 1966, an kwantar da samari 5 masu lafiya mako 3. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, an ga kwanciyar ta fi shekarun rage musu ƙarfin zuciya da numfashi. To ina ga dattijo? Ya riƙa motsa hannuwa da lafiyayyar ƙafar, yana jan dogon numfashi. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya sarƙe masa kwatsam, gudan jini ne ake tsoro, a garzaya asibiti.

Ke ma don Allah kada ki ɗauki kwanan ke kaɗai, ki kira 'yan'uwanki ku raba dare.