Arctic Monkeys: shin intanet ce ta haife su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata shida ke nan da zuwana karatu Sheffield a ƙasar Ingila. Mutanen garin nan ba su da abin alfahari kamar wasu makaɗa da ake kira Arctic Monkeys. Wani abokin karatuna ya ce min intanet ce ta yi su dare ɗaya, kuma wai su 'yan "indi" ne. Na saurari wata tsohuwar waƙarsu da wata sabuwa, wallahi kamar ba mutane ɗaya suka yi ba. Don Allah mene ne indi, kuma yaya tarihinsu yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari ya fi daɗin ji.

Bari mu fara kawar da maganar indi, don ita ce ke rikita mutane. Kalmar gutsure ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. Asalinta ba sunan salon kiɗa ba ne, sunan hanyar kasuwanci ne. A duniyar waƙa akwai manyan kamfanoni da suka mamaye kasuwa, yau su uku ne: Universal da Sony da Warner. Duk wanda ya fitar da faifansa ta ƙaramin kamfani da ba ya ƙarƙashin waɗannan, shi ake ce wa ɗan indi. A Birtaniya abin ya kankama a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanoni irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchester suka fito, dukansu a 1978, har aka buɗe musu jadawalin cinikinsu na daban a 1980. Da tafiya ta yi tafiya, saboda yawancin masu bin wannan hanya samari ne huɗu ko biyar da jita da ganguna, sai sunan ya zame daga kan kasuwancin ya koma kan sautin. Shi ya sa yau za ka ga ƙungiya tana cin albashin Sony amma ana kiran ta indi. Su Arctic Monkeys suna cikin 'yan ƙalilan da sunan ya dace da su ta kowace fuska, domin tun 2005 har kundin waƙoƙinsu na bakwai kamfani ɗaya suke tare da shi, Domino, wanda Laurence Bell ya kafa a Landan a 1993.

Yawancin yaran 'yan unguwa ɗaya ne. High Green ake kiran ta, can arewacin garin da kake zaune, motar haya za ta kai ka. A nan suka haɗu a 2002 suna 'yan shekara goma sha shida zuwa sha bakwai: Alex Turner mai rera waƙa da kaɗa jita, Jamie Cook a jita ta biyu, Matt Helders a kan ganguna, sai Andy Nicholson mai jitar bas, wato mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa. Wasansu na farko a gaban jama'a sun yi shi ranar 13 ga Yuni 2003 a wata 'yar mashaya mai suna The Grapes a tsakiyar gari.

To ga inda labarin intanet ya samo asali. Sun riƙa shiga wani ƙaramin situdiyo a Sheffield mai suna 2fly suna naɗar waƙoƙinsu na gwaji, sai su kwafe su a faifan CD su raba kyauta ga duk wanda ya zo kallon wasa. Ba sayarwa, kyauta. Waɗanda suka karɓi faifan nan su ne suka zuba waƙoƙin a kwamfuta suka riƙa tura wa juna, har aka tattara guda 18 wuri ɗaya aka laƙaba musu suna Beneath the Boardwalk. Boardwalk ɗin wani gidan wasa ne a garin, inda shi Turner ya taɓa aikin miƙa abin sha. Shafinsu na MySpace, wani dandalin sada zumunta na intanet, da 'yan jarida suka yi ta yayatawa a lokacin ma masoya ne suka buɗe, su makaɗan sun faɗa da bakinsu cewa ba su da hannu a ciki. Ke nan intanet ta yi aikin ɗan aike ne. Saƙon kuwa an shafe shekara biyu ana dafa shi a ƙananan gidajen wasa na arewacin Ingila, ana shiga mota da kayan kiɗa ana kwana a hanya. Abin da ya girgiza masu kamfanoni shi ne su zo kallon yaran da ba su da faifai ko ɗaya a kanti, su tarar ɗaki cike da mutane suna rera kowane baiti tare da su.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wajenmu, in ka tuna. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine na Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma ta memori da bulutut waƙoƙin suka bi wayoyin mutane suka ratsa sahara, tun kafin wani kamfani ya san da shi. A 2021 kamfanin Matador na Amurka, wanda shi ma gidan 'yan indi ne, ya fitar masa da kundi. Kayan aikin ne suka bambanta, amma masu sauraro ne suka yi tallar a duka biyun.

Manyan kamfanoni sun yi zawarcin yaran Sheffield sosai, amma a watan Yuni 2005 suka sa hannu da Domino. Ba a makance suka yi ba: kamfanin ya riga ya nuna yana iya kai ƙungiya kasuwar duniya, domin shi ya fitar da Franz Ferdinand na Glasgow shekara guda kafin nan. Waƙarsu ta farko a ƙarƙashinsa ta fito a Oktoba 2005 ta haye kai tsaye zuwa lamba ɗaya a Birtaniya, ta biyun ma haka a Janairu. Ranar 23 ga Janairu 2006 kundin farko ya fito, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, ya sayar da kwafi 363,735 a makon farko. Kafin wannan rana ba a taɓa samun kundin fari da ya yi gudu haka a tarihin ƙasar ba. Ka lura da abin mamakin: da yawa daga cikin waƙoƙin nan mutane suna da su kyauta a kwamfuta tun tuni, amma suka fita suka saya. A shekarar suka ci kyautar Mercury, wadda ake bai wa kundin da alƙalai suka ga ya fi a Birtaniya da Ireland.

Me ke cikin kundin da ya ja mutane haka? A ganina harshe ne, kafin kiɗa. Mawaƙan Ingila da yawa in za su rera waƙa sai su ari lafazin Amurkawa. Turner ya rera da karin harshen Yorkshire, wato yankin da Sheffield take, irin wanda nake zaton har yanzu yana ba ka wahala in direban bas ya yi maka magana. Kuma abin da ya gani ya waƙe: layin shiga gidan rawa daren Juma'a, ƙattin da ke tsaron ƙofa suna hana yara shiga, rigima a wajen jiran tasi, saurayi da budurwa suna fushi da juna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ido ne na mai lura, da baƙar magana mai ban dariya. (Sai dai in gaya maka tun da wuri, rayuwar dare ce ta samarin Turawa da shaye-shayenta, ba waƙoƙin da za ka kunna a gaban su Baba ba ne.) Kiɗan kuwa gudu ne zalla, Helders yana dukan ganguna kamar ana bin sa bashi.

Ɗaukaka ta zo da nauyinta. Nicholson ya gaji da yawon wasa, bai bi su Amurka ba a tsakiyar 2006, daga nan aka sanar ya bar ƙungiyar. Nick O'Malley, shi ma ɗan yankinsu, ya karɓi jitar bas. Wannan ne kaɗai sauyin mutum da suka yi tun da suka shahara, kuma abu ne da ba kasafai ake gani ba a wannan sana'a. Kundi na biyu, Favourite Worst Nightmare, ya fito a Afrilu 2007, ya fi na farko zafi da tsauri, kuma a bazarar shekarar aka ba su babban dandalin Glastonbury, shahararren bikin kiɗa na Ingila, suna 'yan shekara ashirin da ɗoriya.

Yanzu ga amsar abin da ya ɗaure maka kai, wato bambancin tsohuwar waƙa da sabuwa. A tsakanin 2005 da 2008 kamfanoni sun yi ta ɗibar duk wasu samari huɗu masu jita, suna neman wanda zai maimaita abin da ya faru a Sheffield. Kasuwa ta cika ta batse, har 'yan jaridar Ingila suka ƙirƙiro wa irin wannan kiɗa sunan ba'a mai ma'anar indin bola. Yawancinsu kundi biyu suka yi aka daina jin ɗuriyarsu. Arctic Monkeys sun tsira ne saboda sun tashi daga wurin kafin rumfar ta faɗi. Suka tafi hamadar Mojave a Kalifoniya, wani situdiyo a Joshua Tree, suka yi aiki da Josh Homme na ƙungiyar Queens of the Stone Age. Abin da ya fito a Agusta 2009, Humbug, kiɗa ne mai nauyi da jan ƙafa da duhu, zancen tasi da masu gadi ya ɓace, kalmomin suka koma zaurance. Masoya da dama sun yi tsaki. Ni kuwa ina ganin shi ne mafi muhimmancin abin da suka taɓa yi, ko da ba shi ne mafi daɗi ba, domin a nan suka koya wa masu sauraronsu cewa kada su sa ran a sake ba su tuwon jiya. Kuma a nan amfanin ƙaramin kamfani ya fito fili. Babban kamfani mai masu hannun jari da wuya ya zuba ido kazar da ke masa ƙwai ta canza hanya.

Na 2011, Suck It and See, mai laushi ne, ba zan tsaya a kansa ba. A Yuli 2012 sun yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan.

Sai AM a Satumba 2013, wanda nake kyautata zaton daga cikinsa mafi yawan matasan duniya suka fara jin su. Sun koma Los Angeles da zama, Turner ya sauya aski da sutura, kiɗan ya ɗauko taku daga hip-hop da R&B na Amurka ya aza masa jita mai kauri. Wannan ne ya buɗe musu Amurka da gaske, ya kai lamba shida a jadawalin cinikin faifai na Amurka, Billboard, kuma waƙar da ta buɗe kundin ta wuce kallo biliyan ɗaya a YouTube. A gida kuma suka zama ƙungiya ta farko a ƙarƙashin kamfani mai cin gashin kansa da kundayenta biyar na farko duk suka shiga a lamba ɗaya. Sau uku suna cin kyautar Brit, wato lambar yabon waƙa ta Birtaniya, a rukunin kundin shekara: 2007 da 2008 da 2014.

Mai hankalin kasuwa da ya samu irin wannan sai ya maimaita. Su sai suka yi shiru kusan shekara biyar. Turner ya koma wa ɗaya ƙungiyar tasa da abokinsa Miles Kane, The Last Shadow Puppets, sannan ya samu kyautar fiyano lokacin da ya cika shekara talatin, ya ajiye jita ya koma rubuta waƙa a kanta. Sakamakon shi ne Tranquility Base Hotel & Casino na Mayu 2018, kundi sukutum a kan wani otal na ƙirƙira da aka gina a duniyar wata, ana habaici ga zamanin waya da talla. Ba su saki ko waƙa ɗaya ba kafin ranar fitowarsa. Masoya suka rabu gida biyu, har yau ba su shirya ba. Duk da haka ya zama na shida a jere a lamba ɗaya. The Car na Oktoba 2022 ya ƙara nisa a wannan hanya, da goge irin na Turawa da kiɗa mai kama da na tsofaffin finafinai, kuma shi ne na farko da ya tsaya a lamba biyu, don ya fito rana ɗaya da kundin mawaƙiyar Amurka Taylor Swift. A 2023 suka hau babban dandalin Glastonbury karo na uku, bayan na 2007 da 2013.

Ra'ayina a kan na baya-bayan nan, tunda ka tambayi tarihi ba hukunci ba zan taƙaita: rubutun ya ƙara zurfi, amma wani lokaci Turner yana yin nisa cikin zaurance har ya bar mai sauraro a baya, kuma Helders, wanda yana cikin gwanayen makaɗan ganga na tsararsa, an rage masa aiki ƙwarai. Ina girmama kundayen fiye da yadda nake kunna su.

In kana son ka ji yadda mutanen suka sauya ba tare da ka ruɗe ba, kada ka yi tsalle daga 2006 zuwa 2022 kamar yadda ka yi. Fara da na farko, kana riƙe da rubutattun baitocin a waya saboda lafazin, sannan Humbug, sannan AM, sai ka ƙarasa da na otal ɗin wata. Na farkon ma ka fi mu more shi, tunda unguwannin da ake ambata a ciki, irin su Hillsborough da Hunter's Bar, kana iya takawa ka gan su ranar da ba ka da lacca.