Damin godiya a shekarar da gona ta ƙi

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso daren Laraba, ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon nan ya fara gardama da ƙananan rubutun waya. Na ji duka: yadda aka sallame ku daga aiki a Kaduna, yadda ka zuba kuɗin sallamar a gona har da taki buhu shida, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara take goyo. Ka ce abin da ka kwashe bai kai kuɗin takin ba. Kana tambaya ko dole ne ka kai dami ranar sujadar godiyar kaka, tunda a ganinka mutum ya shiga majami'a yana rawa da buhu a ka alhali cikinsa na ƙuna, munafunci ne. Ka kuma ce wanda ya sake ce maka "haka Allah ya so", za ka tashi ka bar masa wurin.

A kan wannan ta ƙarshe ban ga laifinka ba. Maganar gaskiya ce, amma akwai bakin da take fitowa da sauri don kawai mai faɗinta ya huta da kukanka. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna fassara masa dalilin wahalarsa sai suka ɓata, har Ubangiji ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Shi ya sa a gidan rasuwa namu ake shimfiɗa tabarma, ka zauna, ka ce "sannu, ya haƙuri?", ka yi shiru. Amma ka taɓa lura da abin da mai makoki yake amsawa? "Da godiya." Jiya ya binne ɗansa, ido jawur, yana cewa da godiya. Za ka kira shi munafuki?

Damin nan ya girme mu duka. Kakanka Bamaguje ne kafin bishara ta iso garinmu, kuma ba ya taɓa sabon hatsi sai ya fitar wa iskoki nasu. Tsoro ne yake sa shi, kada su yi fushi su ɓata masa baɗi. Da ya karɓi Almasihu bai daina fitar da damin farko ba, inda ake kai shi ne ya sauya, dalilin ma ya sauya. Wani mai bishara ya karanta masa Maimaitawar Shari'a sura 26, inda aka umarci manomi ya sa nunan fari a kwando ya kai gaban bagade. Ka buɗe wurin ka duba abin da manomin yake faɗa. Ba ya lissafa yawan abin da ya girbe. Tarihi yake bayarwa: kakansa mai yawo ne, suka gangara Masar, aka bautar da su, suka yi kuka, Ubangiji ya ji, ya kawo su ƙasar nan. Wato shaida yake yi a kan wanda yake da gonar da wanda ya riƙe gidansu tun kafin a haife shi. Irin wannan shaida ba ta canjawa don damina ɗaya ta yi gardama.

Ina da shekara goma sha huɗu a farin 1973. Ku yaran yanzu kuna jin labarin ne kawai. Gero ya bushe a tsaye, dawa ta yi ciki ta kasa fitar da kai, mutane daga arewa suna wucewa ta garinmu da shanun da ƙashi kawai ya rage musu. Gonar da kakanka yake ɗaure dami saba'in, a shekarar nan dami tara muka ɗaure, rabinsu ma ƙaiƙayi. Ranar godiya ya ce shi ba inda za shi, kunya ba za ta bar shi ba. Kakarka ba ta ce masa komai ba. Ta sussuka dami ɗaya, ta sheƙe, abin da ya fito bai cika ƙwarya ba. Ta auna tiya guda, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka. Ina tuna yadda na riƙa sunkuyar da kai a hanya don kada tsarana su ga ƙanƙantar ƙwaryar. Da muka shiga sai na tarar gaban majami'a duk irin tawa ne: wannan mudun wake, wancan kabewa biyu, wata tsohuwa ƙwai uku a cikin kwano. Ba wanda ya yi rawa. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, muryoyin na rawa, kakarka na hawaye tana waƙar tare da su. Mai wa'azi ya karanta ƙarshen Habakuk, inda annabin yake cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allah mai cetonsa. Ya rufe littafin bai ƙara ko kalma ba. Har yau ban ji wa'azin da ya fi wannan ba.

Dattawan ikkilisiya suka zuba hatsin a rumbun majami'a. Da bazara ta yi tsanani, muna cin tafasa da dusa, wata safiya sai ga dattijo ɗaya da tiya uku a bakin zaurenmu, daga rumbun nan. Kada ka ce na ce maka wanda ya ba da ɗaya zai karɓi uku. Wannan lissafin masu wa'azin rediyo ne da suke cewa ka shuka iri a asusunsu ka girbe mota, kuma ka yi nesa da su, musamman yanzu da hannunka ya bushe. Abin da na gani shi ne, gwauraye da marayu da mu kanmu mun kai damina ta gaba da ɗan abin da kowa ya kawo yana jin kunyarsa.

Nufin Allah kuwa, ban taɓa ganinsa daga gaba ba, sai dai in na waiwaya, wani lokacin ma ko na waiwaya ba na ganin komai. Yusufu yana da shekara goma sha bakwai aka sayar da shi, yana da talatin ya tsaya gaban Fir'auna, sai da shekaru bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa suka wuce kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Maganar nan tasa da kowa ya haddace, cewa sun nufe shi da mugunta Allah ya nufe shi da alheri, bayan rasuwar Yakubu ya faɗe ta. A cikin rijiya bai faɗa ba. Haka samari ukun nan da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake korarsa. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan abin da ya yi kama da asara ikkilisiyarmu ta ECWA ta fito, wadda a cikinta aka yi maka baftisma. Gowans bai ga ko mutum ɗaya a kan bencin majami'a ba.

Ni ma da masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, na dawo gida da akwati ɗaya da 'ya'ya biyar, ina jin an gama da ni. Dawowar nan ce ta sa ina kusa da kakarka a shekarunta huɗu na ƙarshe, a hannuna ta cika. Wannan na gane shi. Amma yayarka da ƙyanda ta ɗauke mana tana da shekara uku, yau fiye da shekara talatin, ban san dalili ba, na kuma daina karɓar bayani daga masu ba ni. A kakar shekarar na kai nawa damin, ban yi waƙa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni don me.

To, dole? A'a. Ba dattijon da zai zo ya ƙirga buhunka, in wani ya gwada ka turo mini shi. Amma in shawarata kake nema, ka je. Ka auna abin da za ka iya ba tare da ka taɓa abincin yara ba, ko tiya ɗaya ce. Rawa ba dole ba ce, murmushi ma haka. In addu'a ta ƙi fitowa ka karanta Zabura 13, mai zaburar sau huɗu yake tambayar Allah "har yaushe", kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba.

Ka zo ranar Asabar ka kwana nan, mu tafi tare da safe. Ka taho da buhu biyu marasa komai, dawata ta ɗan yi a gonar fadama, kuma akwai irin wake mai saurin nuna da nake so ka gwada baɗi a rabin gonar, don masara zalla a ƙasar tudu caca ce. Ka gaida mai ɗakinka da jikokina.

Baffanka